Kitse Yana Aika Saƙo: Yadda Aka Bi Sawunsa Har Aka Gano Shi

A Garhanga, kamar sauran garuruwan Adar da ke tsakanin Keita da Buza da Madawa cikin jihar Tawa, ba kasafai ake lissafa ƙiba cikin cututtuka ba. Mutum ya tafi cin rani Kano ko Abijan, ya shekara biyar yana zaune a shago, ya dawo wuya ya yi kauri, tumbi ya turo riga, abin da za a ce shi ne wane ya samu, jiki ya murje. Amarya ma in ta yi watanni ba ta ciko ba, sai dangi su fara tambaya ko lafiya. Can arewacin jihar, a Azawak, Larabawa makiyaya sun daɗe suna ɗura wa 'yan mata madara da kunun gero tun suna ƙanana don su yi jiki, al'adar da Rebecca Popenoe ta rubuta littafi sukutum a kanta a 2004. Wanda ya san yunwar bazara ba za a ga laifinsa ba in ya ɗauki kitse rufin asiri.

Sai dai akwai abubuwa uku masu ɗaure kai. Na farko, alhajin da tumbi kaɗai ya yi, hannu da ƙafa sirara, shi ciwon sukari da hawan jini ke kamawa, alhali matar da ta fi shi nauyi, wadda kitsenta ya taru a cinya da mazaunai, sau da yawa tana nan garau. Na biyu, mai ƙiba in ya matse bakinsa ya rame, kafin shekara ta zagayo jikin ya dawo da abinsa, kamar akwai mai riƙe da lissafi a ciki. Na uku, yaron da tamowa ta cinye masa kitse, yawanci gudawa ko ciwon huhu ko ƙyanda ne ke ƙarasa shi. Me ya haɗa kitse da garkuwar jiki?

Shekaru aru-aru likitoci sun ɗauki kitse tamkar rumbu: a zuba rarar abinci lokacin wadata, a ɗiba lokacin rashi, shi ke nan. Da haka abin yake, babu ɗaya cikin tambayoyin nan uku da za ta samu amsa. An shafe fiye da shekaru 50 kafin a warware ƙullin.

Sawu na farko: ɓerayen da aka ɗinke

A 1940 wasu masana biyu a Chicago ta Amurka, Hetherington da Ranson, suka lalata wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwar ɓera, wurin da ake kira haifotalamus. Ɓeran ya kama ci ba ƙaƙƙautawa har ya zama tulu. Aka gane ke nan cewa a nan ake yanke hukuncin yunwa da ƙoshi. Amma ta yaya ƙwaƙwalwa ke sanin yawan kitsen da ke jiki? A 1953 Gordon Kennedy a Ingila ya yi hasashen cewa kitsen da kansa ne ke aika wani abu ta cikin jini. Hasashe ne kawai, babu wanda ya taɓa ganin abin.

A 1959 G. R. Hervey a Cambridge ya gwada wata dabara. Ya ɗinke ɓeraye biyu gefe da gefe har ƙananan jijiyoyinsu suka haɗu, jinin wannan na ratsawa cikin wancan. Sai ya lalata haifotalamus na ɗaya. Wanda aka taɓa ya yi ta ci yana ƙiba, kamar yadda aka zata. Abin mamakin yana wajen abokin ɗinkinsa, wanda ba a taɓa ba: ya ƙaurace wa abinci, ya rame ƙangayau. Wani abu ne ke fitowa daga jikin mai ƙibar yana ce wa lafiyayyen ya ƙoshi.

A wannan tsakanin kuma, a cibiyar kiwon ɓerayen bincike ta Jackson da ke Bar Harbor a Amurka, an tsinci wani ɓera a 1949 da ke girma har ya ninka 'yan uwansa uku a nauyi. Ƙibar gado ce, daga ƙwayar gado guda da ta lalace, aka raɗa masa suna ob. A 1966 aka samu wani mai kama da shi, mai ƙiba da ciwon sukari mai tsanani, aka kira shi db. A ido kusan ɗaya suke. Douglas Coleman ya ɗauki dabarar ɗinki ya gwada su. Da ya haɗa db da lafiyayyen ɓera, lafiyayyen ya daina ci har yunwa ta kashe shi, db kuwa ko a jikinsa. Da ya haɗa ob da lafiyayye, sai ob ya rage ci. Da ya haɗa ob da db, ob ya daina ci har ya mutu, db ya ci gaba da sharɓar abincinsa.

A 1973 Coleman ya bayyana abin da ya fahimta. Akwai saƙon ƙoshi a cikin jini. Ɓeran ob ba ya iya samar da saƙon, amma yana jinsa in an ba shi. Ɓeran db yana samar da shi fiye da kima, amma ƙwaƙwalwarsa kurma ce. Masana da yawa suka yi shakka, domin har lokacin ba a ga saƙon ba, ba a kuma san daga ina yake fitowa ba.

Sawu na biyu: an kama mai aika saƙon

Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a New York, tare da Rudolph Leibel a shekarun farko, ya shiga farautar ƙwayar gadon ob a 1986. Sai da aka yi shekaru 8 ana haɗa ɓeraye aure ana bin zuriyarsu kafin a taƙaita wurin da take. A watan Disamba na 1994 mujallar Nature ta buga sakamakon. An gano ƙwayar, kuma da aka duba sashen jikin da take aiki, sai ga shi cikin kitse ne. Ƙwayoyin kitse ke ƙera wani sinadari su zuba shi cikin jini, gwargwadon yawan kitse gwargwadon yawansa. Aka sa masa suna leptin.

A 1995 aka yi wa ɓerayen ob allurarsa, cikin mako biyu suka zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsu. Ba a jima ba aka gano makarɓar saƙon a haifotalamus, aka kuma tabbatar cewa ita ce ta lalace a jikin db. Duk abin da Coleman ya faɗa shekaru 20 baya ya tabbata. Shi da Friedman sun karɓi lambar yabo ta Lasker a 2010, da ta Sarki Faisal ta ƙasar Saudiyya a 2013.

A jikin mutum ma an ga shaida. A 1997 Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi a Cambridge suka ba da labarin wasu yara biyu 'yan uwan juna, 'yan asalin Pakistan. Yarinyar tana da shekaru 8 da nauyin kilo 86, yaron yana da shekaru 2 da kilo 29. Kullum cikin kukan yunwa suke. Aka auna jininsu, leptin kusan babu. Da aka fara yi wa yarinyar allurarsa kullum, yunwar ta lafa, ta zubar da kimanin kilo 16 cikin shekara guda. Da ma ba kwaɗayi ba ne, ba kuma sakacin iyaye ba. Ƙwaƙwalwarta ce ba ta samun labarin cewa akwai ajiya a jiki, don haka take ta neman ɗauki.

Kamfanin magunguna na Amgen ya biya dala miliyan 20 don mallakar haƙƙin sinadarin. Kowa ya ɗauka an samu maganin ƙiba.

Inda sawun ya karkata

Murna ta koma ciki. A 1996 Robert Considine da abokan aikinsa suka auna jinin masu ƙiba na yau da kullum, suka tarar leptin ɗinsu ya ninka na siraran mutane kusan sau huɗu. Wato galibin masu ƙiba ba irin ob ba ne, sun fi kama da db: saƙo na zuwa, ba a amsawa. Gwajin da aka buga a 1999 ya nuna allurar ba ta rage musu nauyi yadda aka sa rai ba. To in yawansa ba ya hana ci, mene ne amfaninsa?

Wani likita ɗan Ghana, Rexford Ahima, yana aiki a ɗakin binciken Jeffrey Flier a Boston, shi ya juya tambayar. Maimakon ya duba abin da ke faruwa in leptin ya yi yawa, sai ya duba abin da ke faruwa in ya faɗi. A 1996 ya hana ɓeraye abinci kwana biyu. Leptin ya yi ƙasa warwas, tare da shi sinadaran haihuwa da na maƙogwaro masu hura wutar jiki suka ja baya. Da ya mayar musu da leptin ta allura alhali suna cikin yunwar, waɗannan sauye-sauye suka ragu ƙwarai. Ashe babban aikin saƙon gargaɗin fari ne. In ya faɗi, ƙwaƙwalwa na fahimtar ajiya ta kusa ƙarewa, sai ta tsananta yunwa, ta rage ƙona abinci, ta dakatar da duk aikin da ke cin ƙarfi: haila, ɗaukar ciki, girma. A 1998 wasu masana a Landan suka nuna cewa garkuwar jiki ma na cikin abin da ake rage wa kaso.

Nan aka samu amsar tambayoyi biyu a lokaci guda. Mai ƙibar da ya rame, leptin ɗinsa ya sauka daga inda ƙwaƙwalwa ta saba, sai ta ɗauka fari aka shiga. Leibel da Michael Rosenbaum sun auna cewa wanda ya zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa yana ƙona abinci ƙasa da wanda da ma can haka nauyinsa yake. Jikin ɗan Adam ya fi tsoron yunwa a kan ƙiba.

Yaro mai tamowa kuwa, in kitsensa ya ƙare, saƙon da ke ƙarfafa sojojin jini ya yanke. Wani bincike da aka yi a asibitin Mulago na Kampala a Uganda, aka buga a 2014, ya gano cewa cikin yaran da aka kwantar da tamowa mai tsanani, ƙarancin leptin ne ya fi nuna wanda ke cikin haɗarin mutuwa. Wannan ya ƙara haska dalilin da ya sa abincin gyaɗa mai maiƙo da aka yi amfani da shi sosai a Nijar lokacin yunwar 2005, musamman a Maraɗi, ya ceci dubban yara. Yana cika ciki, yana kuma mayar da ajiyar da jiki ke dubawa kafin ya saki ƙarfin kare kansa.

Saura tambayar alhaji mai tumbi.

Sawu na uku: ba baki ɗaya kitse ke magana da shi ba

Tun 1947 wani likita a Marseille ta Faransa, Jean Vague, ya lura cewa ƙiba iri biyu ce. Ta sama, mai taruwa a ciki, ita ke tafiya da ciwon sukari da ciwon zuciya. Ta ƙasa, ta cinya da mazaunai, ba ta cika yin haka ba. An daɗe ba a kula da maganarsa ba, don ba a san dalili ba.

Dalilin ya fara fitowa a 1993, lokacin da Gökhan Hotamisligil, ɗan Turkiyya, da Bruce Spiegelman a Boston suka tarar kitsen ɓeraye masu ƙiba na fitar da wani sinadarin kumburi, irin wanda jiki ke saki in ƙwayar cuta ta shige shi. Wannan sinadari yana toshe aikin insulin, wanda shi ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. A 2003 masana a Jami'ar Columbia suka gano inda kumburin ke fitowa. Ƙwayar kitse in ta cika ta batse, jini ba ya isarta sosai, wasu su mutu, sai sojojin jini masu share gawa su yi dafifi a wurin. A jikin siriri ba su kai kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin da ke cikin kitse ba, a jikin mai ƙiba sosai suna kaiwa wajen kashi 40. Kumburi ne marar zafi, marar zazzaɓi, mai ɗaukar shekaru.

Akwai kuma saƙon alheri. A 1995 Philipp Scherer ya gano wani sinadarin da kitse ke fitarwa, wanda aka sani yanzu da adiponektin. Aikinsa taimaka wa hanta da tsoka su ji kiran insulin, su ƙona maiƙo. A 1999 ɗaliban Yuji Matsuzawa a Osaka ta Japan suka tarar da abin da ya saɓa wa zato: kitse ne ke ƙera shi, amma mutum na ƙara ƙiba yana raguwa, musamman mai kitsen ciki.

Wurin zama ma yana da tasiri. Kitsen da ke lulluɓe da hanji, irin wanda mahauci ke yayewa daga kayan cikin rago, jininsa ba ya zagaye jiki tukuna. Wata babbar jijiya ce ke kwasarsa kai tsaye zuwa hanta. Duk maiƙo da sinadaran kumburin da ya saki, hanta ce ke fara shan su.

Hujjar da ta rufe bakin gardama

Da yawan kitse ne matsalar, da marar kitse ya fi kowa lafiya. Akwai wata cutar gado da ba kasafai ake samunta ba, wadda Berardinelli a Barazil ya bayyana a 1954, Seip a Norway a 1959: ana haihuwar yaro kusan ba kitse ko kaɗan a ƙarƙashin fata. Irin waɗannan yara su ne ke fama da ciwon sukari mai wuyar magani, hantarsu cike da maiƙo. A 2000 aka dasa wa ɓeraye marasa kitse kitsen lafiyayyun ɓeraye, ciwon sukarinsu ya warware. A 2002 aka yi wa marasa lafiya 9 masu rashin kitse allurar leptin, sukarinsu da maiƙon jininsu suka sauka, kuma a 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin don wannan cuta.

Aka kuma gwada ta ɗaya ɓangaren. A 2004 Samuel Klein a St. Louis ya bi mata 15 da aka zuƙe wa kitsen ƙarƙashin fatar ciki da na'ura, kimanin kilo 10 kowacce. Sukarinsu da hawan jininsu ba su canja ba, domin ba wannan kitsen ne mai laifi ba. A 2007 kuma ɗakin binciken Scherer ya ƙara wa ɓerayen ob adiponektin. Suka fi da ƙiba nesa ba kusa ba, amma sukarinsu ya daidaita, saboda rarar ta samu wurin zama ƙarƙashin fata.

Da aka jera waɗannan sai hoton ya fito. Kowane mutum yana da iyakar abin da rumbunsa na ƙarƙashin fata zai iya ɗauka, kuma gado ne ya fi yanke girmansa. Muddin akwai wuri, kitse na riƙe da maiƙo, yana aika saƙonnin lafiya. In ya cika, rarar sai ta malala inda ba a tanadar mata ba: kewayen hanji, cikin hanta, cikin tsoka, da cikin fankiriyas, wato sashen da ke bayan tumbi mai ƙera insulin. Hanta mai maiƙo ba ta jin umarnin insulin, sai ta yi ta zuba sukari cikin jini ko da dare. Tsoka ta rage karɓa. Fankiriyas ya yi ta ninka aiki har ya gaji. Leptin mai yawa, ko da ya kasa hana ci, yana iya zaburar da jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini da sa ƙoda riƙe gishiri, ga hawan jini ya samu. Shi ya sa mace mai faɗin ajiya a cinya za ta iya ɗaukar nauyi mai yawa ba ciwo, namiji mai ƙaramar ajiya kuwa kilo kaɗan ya isa ya tura maiƙo cikin hantarsa.

Roy Taylor na Jami'ar Newcastle ya gwada ko za a iya juya akalar. A 2011 ya sa masu ciwon sukari 11 kan abinci ɗan kaɗan, kalori 600 a rana, na mako 8, ƙarƙashin kulawar likitoci. Cikin mako na farko maiƙon hanta ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, sukarin safe ya dawo daidai. Babban gwajin da ya biyo baya, wanda aka buga a 2017, ya nuna kashi 46 cikin 100 sun kai shekara guda sukarinsu lafiya ba tare da magani ba, kuma cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne suka samu haka.

Abin da ya shafe mu

Mutanen Adar da maƙwabtansu suna tsakanin haɗari biyu. Binciken da aka yi kan waɗanda suke cikin mahaifa lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945 ya nuna cewa wanda ya fara rayuwa cikin rashi ya fi saurin samun matsalar sukari in wadata ta zo daga baya. Waɗanda aka haifa a farin 1973 da na 1984 yanzu su ne manya, da yawansu sun bar fartanya da fura sun koma zaman shago, hawan babur, shinkafa, taliya da shayi mai sukari sau uku a rana. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ke da ciwon a yankin Afirka, fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba.

Ga kuma ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda a wasu wurare ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu deksametazon ne ko danginsa. Irin wannan magani in an daɗe ana sha yana tara kitse a fuska da ciki, yana zaizaye tsokar hannu da ƙafa, yana ɗaga sukari da jini. Ita ce ainihin ƙibar da bincike ya nuna ta fi cutarwa.

Akwai awo mai sauƙi da ba ya buƙatar sikeli. Babban mutum, ban da mai juna biyu, ya samu zare ya auna tsawonsa daga kai zuwa diddige, ya ninka zaren biyu, ya zagaya shi a ciki ɗan sama da cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, kewayen cikinsa ya wuce rabin tsawonsa, alamar kitsen ciki ya yi yawa ke nan, ko da mutane na ce masa siriri. Wanda ya ga haka ya je asibiti a auna masa sukari da jini tun kafin yawan fitsari da ƙishirwa su fara, ya rage sukari da soye-soye, ya koma tafiya da aikin ƙarfi. Wanda ke kan magani kada ya daina ko ya shiga tsananin rage ci sai da sanin likita. Yaron da ya fara ramewa kuma a kai shi awo da wuri, kada a jira sai cuta ta same shi ba ajiya.